Kafin Mu Biya Kuɗin Fili, Mu Tambayi Ƙasa

A wannan wata za mu tattauna ne a kan sayen fili, ko gida, ko shago, musamman a kewayen Kasuwar Malam Atta, da Nima, da Maamobi, inda taku ɗaya na ƙasa ya zama zinariya.

Mun saba idan dillali ya nuna mana wuri, tambayarmu ɗaya ce: ina takardu? Madalla da wannan. Binciken Hukumar Filaye zai nuna mana mai fili na gaskiya, amma ba zai gaya mana abin da ƙasar ta haɗiye ba, ko inda ruwa yake bi da damina.

Mu fara da ruwa. Babbar kwatar Nima tana zuba ne a kogin Odaw, shi kuma ya wuce tafkin Korle. Idan shara ta toshe hanyar, ruwa gidajen mutane yake komawa. Ba mu manta daren 3 ga Yuni, 2015 ba, da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka ci rayuka kusan 150. Saboda haka kada mu yanke ciniki da rani. Mu je wurin bayan ruwan sama na watan Yuni, mu dubi alamar da ruwa ya bari a bangon maƙwabta.

Na biyu, me ake yi a wurin a da? Idan bola ce aka cike, ƙasar za ta riƙa lotsawa, gini ya tsage. Idan garejin makanikai ne, ko inda ake fasa tsoffin batura, to baƙin mai da dalma sun shiga ƙasa. Dalma ba ta ruɓewa, kuma yara masu wasa a ƙasa take fara kamawa, ta dakushe musu ƙwaƙwalwa. Ita ce ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara ta Nijeriya a 2010. An rushe kasuwar tsoffin ƙarafa ta Agbogbloshie a 2021, amma rushe rumfa ba ya wanke ƙasa.

An kafa hukumar kare muhalli, EPA, a 1994, kuma a 1999 aka fito da ƙa'idar cewa manyan ayyuka irin su gidan mai da masana'anta sai an auna illarsu tukuna. Amma mai sayen ƙaramin gida, shi ne mai gadin kansa.

Don haka mu tambayi dattawan unguwa tarihin wurin. Mu je ofishin tsara gari na Asambili, mu ji ko hanyar ruwa ce. In akwai shakka, a ɗebi ƙasa da ruwan rijiya a kai gwaji kafin a biya ko sidi ɗaya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Abin takaici shi ne a saya ba a sani ba.

Allah ya ba mu muhalli mai albarka. Sai wata mai zuwa.