Da Wane Mudu Ake Auna Makin 'Ya'yanmu?

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wani dattijo mai sayar da hatsi ya same ni a bakin aji, riƙe da takardar sakamakon 'yarsa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, ni ban yi boko mai nisa ba, amma awo sana'ata ce. Yarinyar nan ta ci 16 cikin 20 a gwajin farko, ta ci 42 cikin 60 a jarrabawa. Makon gwaji na biyu tana kwance da zazzaɓi, kai da kanka ka zo dubiya. An ba ta 58. 'Yar maƙwabcina da ke ɗaya ajin ita ma ba ta yi gwajin ba, amma makinta bai taɓu ba. Mudu biyu ne da ku a makarantar?"

Na ce masa, "Alhaji, kwamfuta ce ta lissafa." Tun kafin in rufe baki na ji nauyin amsar. Shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da alli, ga shi na kasa bayyana wa uba lissafin da bai fi ƙarfin ɗan aji biyar ba.

Da na bincika, sai na tarar laifin ba na kwamfuta ba ne, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Ni na rubuta sifili a gurbin gwajin da yarinyar ba ta yi ba. Abokin aikina na ɗaya ajin ya bar gurbin fayau. Manhajar da aka kawo mana ta kundin maki a intanet kuwa, in ta ga sifili sai ta lissafa shi, in ta ga gurbi babu komai sai ta tsallake shi, ta auna ɗalibi da abin da ya yi kawai. Wato da na bar gurbin, 16 cikin 20 ɗin nan zai zama 32 cikin 40, yarinyar ta tashi da 74. Maki 16 cur suka salwanta tsakanin yatsana da madannin waya, kuma babu wanda ya taɓa gaya mana bambancin. Wannan ɗabi'a ba ta manhajarmu ce kaɗai ba. Ko a Excel, umarnin fitar da matsakaici yana tsallake gurbin da aka bari, yana kuma ƙirga sifili.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu kewar zamanin babbar takardar maki, wadda muke shimfiɗawa a tabarma muna tarawa har tsakar dare da fitila. Ajina yara 68 ne, darussa tara. Jimilla 612 ke nan kowane zango, ban da matsakaici da fitar da na ɗaya zuwa na ƙarshe. Duk wanda ya ce bai taɓa kuskure a wannan aiki ba, bai sake dubawa ba ne. Na'ura ta sauke mana wannan kaya, mun gode. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, tare da wahalar tarawa, mun miƙa mata har da hukuncin da namu ne.

Tun a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka tsayar cewa kada a rataya makomar yaro a kan jarrabawar yini ɗaya, a riƙa auna shi a kai a kai cikin zango. Daga nan muka samo abin da muke kira C.A. A kwalejin ilimi an koya mana dalilinsa, an kuma koya mana cewa kowane ɓangare yana da nauyinsa: wasu makarantu na ba ayyukan zango kashi 40 jarrabawa kashi 60, wasu kuma 30 da 70. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki waɗannan lambobi a matsayin ƙa'idar ofis kawai. To, bari mu gwada su a kan yara biyu.

Na farko mai naci ne, ba ya fashi, ba ya barin aikin gida, amma ranar jarrabawa jikinsa rawa yake. Ya sami 80 cikin ɗari a ayyukan zango, 45 cikin ɗari a jarrabawa. Na biyu mai kaifin ƙwaƙwalwa ne, sai dai rabin zango yana gona ko kasuwa. Ya sami 50 a ayyukan zango, 75 a jarrabawa. In aka tara kai tsaye, kowannensu yana da 125, kunnen doki. In aka auna da 40 da 60, na farko zai sami 32 da 27, wato 59, na biyu kuma 20 da 45, wato 65. In aka koma 30 da 70, na farko ya sauko 55.5, na biyu ya hau 67.5. Yaran ba su canza ba, takardunsu ba su canza ba, amma tazarar da ke tsakaninsu ta tashi daga babu zuwa 6, zuwa 12. Wanda ya zaɓi nauyin, shi ya zaɓi irin yaron da makaranta za ta yaba wa, ko ya sani ko bai sani ba.

Su kansu manhajojin sun san da wannan. Google Classroom, alal misali, yana tambayar malami ko a tara maki ne gaba ɗaya, ko a auna su rukuni rukuni bisa kason da aka ba kowanne. Zaɓi ne da ake yi sau ɗaya a wani lungu na manhaja, sannan ya bi kowane yaro har ƙarshen shekara. A makarantarmu, wanda ya yi wannan zaɓi wani matashi ne da kamfani ya turo, ya yi yini ɗaya ya tafi. Ban zarge shi ba, aikinsa ya yi. Amma bai san ɗalibanmu ba, bai san makon da damina ke kwashe rabin aji ba, kuma ba shi iyaye ke tarewa a hanyar masallaci ba.

Akwai kuma ƙaramin abu mai cizo, wato cike lamba. Yaron da ya sami 19.4 a C.A. da 20.4 a jarrabawa yana da 39.8, wanda in an cike shi a ƙarshe 40 ne, ya haye a ma'auninmu. In kuwa manhaja ta cike kowanne tun farko, 19 da 20 ne, ya faɗi da 39.

Na san abin da wasu za su ce: ai gara a bar wa na'ura, domin malamai na rabon makin C.A. kamar goron suna. Akwai gaskiya a ciki, kuma a tsakaninmu ya kamata mu faɗe ta. Mun san masu cike gurbin gwajin da ba a yi ba da 15, 16, 17 a daren miƙa sakamako. Sai dai na'ura ba ta maganin wannan. Duk abin da aka zuba mata za ta karɓa, ta fitar da shi a takarda mai tsabta da hatimi, har ƙaryar ta fi kyan gani. Maganinsa duba littattafan yara, da shugaban makaranta mai buɗe ido, da kuma aji wanda malami zai iya maka takardunsa ba tare da ya kwana a zaune ba.

Saboda haka nake roƙon shugabannin reshenmu su ɗauki wannan batu zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kafin zango ya yi nisa, don ba a fafe gora ranar tafiya. A fitar da nauyin kowane ɓangare a rubuce, iri ɗaya ga makarantun da ke ƙarƙashin ofishin, a liƙa a ofishin shugaban makaranta, a kuma buga shi a ƙasan takardar sakamako da Hausa yadda uba zai karanta. A tsayar da magana ɗaya kan yaron da rashin lafiya ko rasuwa ta hana shi gwaji. Ra'ayina, a ba shi damar ramawa cikin mako biyu, in ta gagara a bar gurbin da sa hannun shugaba, sifili kuma a ajiye shi ga wanda ya ƙi yi da gangan. Horon da za a ba mu ma kada ya tsaya a "danna nan, danna can". A zaunar da mu da biro da takarda mu lissafa makin yara uku da hannu, mu gwada da abin da manhaja ta fitar. In sun saɓa, kada a raba sakamako sai an gano dalili.

Ita dai yarinyar, na kai maganarta ga shugaban makaranta, aka shirya mata gwajin ramuwa ta ci 15, makinta ya koma 73. Da na kai wa mahaifinta sabuwar takardar a rumfarsa, na zauna na lissafa masa a bayan kwali, 16 da 15 da 42. Ya bi da yatsa har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko an duba na sauran yaran da suka yi jinya a makon. Mun duba washegari, muka sami guda huɗu a ajina kaɗai.