Dajin Binuwai ba na nasara kaɗai ba ne, a kai yaranmu su gani

Damina ta ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Daga yanzu zuwa ƙarshen Fabrairu ne kaɗai mutumin Garwa zai iya hawa dutse da hantsi bai galabaita ba. In Maris ya shigo, zafi ya haura digiri 40, ko akuya inuwa take nema. Shi ya sa muka ɗauko wannan magana yanzu, tun malamai da iyaye suna da sauran lokacin shiri.

Mai wannan rubutu malamin firamare ne. Kwanan baya, a darasin labarin ƙasa, na tambayi 'yan ajina daga ina kogin Binuwai ya taso. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce daga Lagdo. Ban ga laifinsa ba, abin da yake ji a gida ke nan: an saki ruwan Lagdo, an ɗauke wutar Lagdo. To Lagdo madatsa ce, 'yan Sin suka gina ta, aka gama a 1982. Kogin kuwa daga tuddan Adamawa ya gangaro, arewa da Ngaundere, ya ratsa gandun dajin da aka sa wa sunansa, ya cika tafkin Lagdo, sannan ya wuce ƙarƙashin gadarmu ya nufi Yola da Lakwaja. Na sake tambaya, wa ya taɓa shiga gandun dajin? Aji ya yi tsit. Kuma gaskiya ɗaya ce, ni ma da nake tambayar sai da na gama kwalejin horon malamai na fara aiki kafin na taka wurin.

Abin kunya ne, don jiharmu ta Arewa tana da manyan gandayen daji har guda 3. Akwai na Binuwai mai faɗin hekta 180,000, wanda matafiyi ke bin gefensa in ya kama hanyar Ngaundere. Tun 1932 aka keɓe shi, ya zama gandun ƙasa a 1968, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren da take kula da su a 1981. Akwai Buba Njida mai hekta 220,000 a ƙasar Rai Buba, kan iyakar Cadi. Sai Faro, babbansu, hekta 330,000, can yamma inda duwatsun Alantika suka raba mu da Najeriya, ba nisa da garin Poli da dutsen Vokre mai tsawon mita 2,049. In aka haɗa da yankunan farauta da ke kewaye da su, fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙasar jihar nan keɓe yake don namun daji. Yaranmu suna haddace waɗannan lambobi don jarrabawa, su ci, su manta.

Me ya sa? Domin a ranmu mun riga mun yanke cewa yawon daji aikin nasara ne. Zancen ba daga sama ya faɗo ba. Zamanin Faransa aka shata gandun Binuwai, aka hana mutanen wurin farauta da kiwo a ciki, kuma har yau yawancin masu biyan kuɗi su yi farauta a yankunan da ke kewaye baƙi ne daga Turai da Amurka. Bahaushe ɗan kasuwa yakan wuce ƙofar gandun sau goma a shekara da lodin albasa ko gyaɗa, bai taɓa tunanin ya karkata ba. In ka ce masa zo mu je mu ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, sai ya tambaye ka riba nawa ke ciki.

Sai dai nasaran da muka bar wa dajin ya daina zuwa kamar da. Tun Fabrairun 2013, da aka sace Faransawa 7 'yan gida ɗaya kusa da Waza a jihar Arewa Mai Nisa, ƙasashen Turai suka riƙa gargaɗin mutanensu game da arewacin Kamaru, masaukan baƙi suka yi sanyi, masu rakiya suka koma noma da acaɓa. Dajin da baƙo ya guda, ɗan gida kuma bai san shi ba, wa zai tsaya masa?

Mun riga mun ga amsar. Irin karkandar da ake kira baƙar karkandar yamma, a dazukan nan namu ta yi zamanta na ƙarshe a duniya. An bi sawunta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar cewa ta ƙare. Ta ƙare ƙurmus, ba a wani gidan zu, ba a ko'ina. A farkon 2012 mahara a kan dawakai suka shigo Buba Njida suka kashe giwaye ɗaruruwa saboda haure, cikin 'yan makonni, sai da aka tura soja. Jaridun duniya sun ɗauka. A majalisunmu na shayi kuwa, nawa ne suka ko tattauna? Yau masu haƙar zinariya suna tone gaɓar kogi a cikin gandun Binuwai, gonaki suna matsowa, garken shanu suna shiga da rani. Ba mu ce a ɗauki makiyayi a matsayin abokin gaba ba. Ɗan'uwanmu ne, burtalinsa aka nome, mashayarsa ta ƙafe, dole ya nemi inda zai sa kai. Mai haƙar zinariya ma yunwa ce ta kai shi. Amma wannan rikici ba zai warware ba sai da mutanen da suka san darajar ɓangarorin biyu, kuma waɗannan mutane yanzu haka suna zaune a azuzuwanmu.

Ga wani abin mamaki. A nan cikin Garwa akwai makarantar horar da ma'aikatan namun daji da aka buɗe a 1970, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci su koyi aikin, su koma su riƙe gandayen ƙasashensu. Ɗan Senigal ya zo ya san dajinmu, ɗan unguwar Hausawa bai san ƙofar makarantar ba, balle ya yi mafarkin shiga. Aikin gwamnati ne fa, da albashi.

Abin da muke kira a yi ba mai wuya ba ne. Kowace makaranta, ta boko da islamiyya, ta fitar da manyan ɗalibanta sau ɗaya a shekara. Ba sai an fara da nesa ba. Dutsen Tingilin yana nan arewa da gari, kullum muna hangensa. A tashi bayan sallar asuba, a hau da sanyin safiya, yaro ya tsaya a sama ya ga Garwa shimfiɗe, ya ga kwarin Binuwai da idonsa. Taswirar da muka sha zana masa a allo, ranar nan za ta zauna. Daga nan sai Kola, kusa da Gidar, wajen kilomita 100 daga nan, inda Mayo Luti ya sassaƙe baƙin dutse ya yi kwazazzabo mai zurfi. Da rani ana sauka a bi cikinsa da ƙafa, bango dama bango hagu, sumul kamar an goge. Ka ce wa yaro ruwa yana cin dutse, sai ya rubuta don ka ce. Ka kai shi Kola ya shafa da hannunsa, ba sai ka ƙara magana ba.

Masu hali su kai har cikin gandun Binuwai, masaukin da ake kira Buffle Noir a bakin kogi, inda dorina ke kwance cikin gurbin ruwa, gwaggon biri a kan duwatsu, mariya da kanki suna tsallake hanya. Mai rabo ya ga ɓauna, ko ma babbar dabbar nan da Fulani ke kira yamusa, wadda ba a samun irinta a wurare da yawa a duniya. Wanda kuma ke son ganin ruwa yana faɗowa, sai ya hau tudu zuwa Ngaundere. Akwai na Vina kusa da gari, akwai na Tello a hanyar Belel, inda ruwa ke zubowa daga tsawon da ya haura mita 40, da wani kogo a bayansa da mutum zai tsaya ya kalli duniya ta cikin ruwan. Shi wannan gara a je da wuri, tun kogi bai ja baya ba.

Mun san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya a wasu. Na farko tsaro. Satar mutane don kuɗin fansa ba tatsuniya ba ce, musamman a sassan Mayo Rai da ke kusa da iyakar Cadi da Afirka ta Tsakiya. Ba mu ce a kwashi yara a kai su Buba Njida ba. Kada wata makaranta ta tashi sai da izinin hukuma a rubuce, da shawarar jandarma, da ma'aikacin gandu mai rakiya, a fita da safe a dawo kafin magariba. In an ce hanya ba kyau, a fasa, ba gardama. Na biyu haɗari: dutsen bakin ruwa santsi gare shi, gurbin da ya yi shiru yana iya ɓoye kada, ruwan kwance kuma yana sa tsargiya. Dokar a faɗa tun a mota, ba wanka, ba mai matsawa gaɓa, babba ɗaya ga kowane yara 10.

Na uku kuɗi. Haya ce babba, mun sani. Amma ƙungiyar iyayen yara da ke iya tara kuɗin anko da na bikin ƙarshen shekara za ta iya tara na mota ɗaya, in aka fara karo-karo tun yanzu. Alhazanmu masu motocin sufuri, ga wata ƙofar sadaka da ba a cika ƙwanƙwasawa ba. Ɗan da ubansa bai iya biya ba kuma, kada a bar shi a gida, in ba haka ba tafiyar ta zama ta 'ya'yan masu kuɗi, mun sake ƙera wani nasaran.

Sai masu cewa wannan yawon banza ne. A tambayi malaman unguwa: Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya cikin ƙasa a duba, ya kuma ja hankali ga duwatsu da koguna da dabbobi a matsayin ayoyi. Tafiyar ma darasin fiƙihu ce, yaro ya ga yadda ake neman alƙibla a daji, yadda ake taimama in ruwa ya yi nisa, da lokacin da ƙasaru ta halatta. 'Yan mata kuma su je, da malamai mata da uwaye biyu ko uku a motarsu. Uwa ce ke fara gaya wa yaro mene ne daji; in ita ma abin da ta sani kawai shi ne wurin aljanu da itacen girki, haka za ta koyar.

Ga hukuma muna da roƙo biyu. Ma'aikatar gandun daji da namun daji ta ware ranaku a cikin rani da ɗaliban makarantun jihar za su shiga kyauta, ta kuma sanar a rediyo da Hausa da Fillanci, ba da Faransanci kaɗai ba. Wakilan ma'aikatun ilimi kuma su sauƙaƙa takardar izini, kada shugaban makaranta ya nema a Disamba ta fito a Mayu, ruwa ya riga ya sauko.

Makon matasa na zuwa, wanda ake rufewa da faretin 11 ga Fabrairu. Kowace shekara mukan kwashe kwanaki ana koya wa yara taka ƙafa a filin makaranta. A cire rana ɗaya daga ciki a ba Tingilin. Makarantar da ta je ta aiko mana da abin da ɗalibanta suka rubuta, da Hausa ko da Faransanci, za mu buga shi a wannan shafi.