Ba Littafin Kifi Ne Ya Talauta Ƙungiyar Masana ta Landan Ba

Akwai wani labari da masu koyar da tarihin kimiyya ke son bayarwa don su ba ɗalibai dariya. A shekarar 1686 ƙungiyar masanan Ingila da ake kira Royal Society ta buga wani katafaren littafi a kan kifaye, mai suna De Historia Piscium, wanda Francis Willughby ya fara, John Ray ya kammala bayan rasuwarsa. Zane-zanen da ke ciki sun lashe kuɗi mai yawa, ga shi littafin bai sami kasuwa ba. Da aka zo buga Principia na Isaac Newton sai aka tarar asusu ya bushe, dole Edmond Halley, akawun ƙungiyar, ya buga shi daga aljihunsa a 1687. Daga baya ma, maimakon albashinsa na fam 50 a shekara, aka miƙa wa Halley kwafe-kwafen littafin kifin da suka yi kwantai.

Labarin gaskiya ne, amma hukuncin da ake yankewa a kansa bai yi adalci ba. Littafin ba shirme ba ne. Ray ya yi ƙoƙarin rarraba kifaye bisa siffar jikinsu, ya rage tatsuniyoyin da suka cika littattafan magabata, kuma a kan aikinsa Peter Artedi da Linnaeus suka ɗora nasu a ƙarni na 18. In ƙungiyar masana ba ta kashe kuɗi a kan irin wannan ba, to a kan me za ta kashe?

Ciwon ya girmi littafin. Tun da aka kafa ƙungiyar a 1660, dogaronta yana kan kuɗin shiga da kuma sule ɗaya da kowane ɗan ƙungiya zai biya duk mako, wato fam 2 da sule 12 a shekara. Sarki Charles na Biyu ya ba ta takardar izini a 1662, ya ba ta sandar girma, amma bai yanka mata kuɗin gudanarwa ba. Su kuwa manyan gari da aka yi ta shigarwa don martabarsu, sun fi son suna da biyan kuɗi. Zuwa 1673 bashin da ake bin 'yan ƙungiya ya kusa fam 2,000, alhali littafin kifin gaba ɗaya wajen fam 400 ya ci. Shi kansa Newton an ɗauke masa biyan sulen a 1675. Da an karɓi ko rabin wannan bashi, da kifi da Principia duk sun fito ba tare da an taɓa aljihun Halley ba.

Waɗanda suka ji jiki su ne masu aikin yau da kullum. Robert Hooke, wanda aka ɗora wa shirya gwaje-gwaje a zaman kowane mako, sai da ya kai attajirin da ya yi alkawarin biyansa fam 50 a shekara ƙara kotu. Henry Oldenburg, sakatare, ya yi shekaru yana amsa wasiƙun masanan Turai ba albashi. Mujallar Philosophical Transactions da ya fara a 1665 harkar kansa ce, yana fatan ta taimaka masa da cefane. Ta hannunsa wasiƙun Antonie van Leeuwenhoek na Holan suka fara shigowa a 1673, waɗanda daga bisani suka bayyana ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ashe ke nan wani babban reshe na ilimin halittu ya ratsa ta teburin mutumin da ke fama da kuɗin aika wasiƙa.

Akan ce wannan talauci ya saya wa ƙungiyar 'yanci, domin takwararta ta Faransa, wadda aka kafa a 1666, gwamnati ke biyan masananta, ita kuma ke nuna musu aikin da za su yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai rashin karɓar kuɗin sarki daban, sakaci wajen karɓar kuɗin 'yan ƙungiya daban. Abin da ya ba ta damar numfasawa ma daga fada ya fito: a 1682 ta sayar wa sarki filin Chelsea da shi ya ba ta tun farko, a kan fam 1,300. Sai bayan Newton ya zama shugaba a 1703, ya riƙa halartar zaman majalisar gudanarwa ba fashi, sannan ƙungiyar ta iya sayen gidan kanta a Crane Court a 1710, shekara hamsin cif bayan kafuwarta.