Motar wasa mai aiki da sola: Darasin kimiyyar da ya kamata ya shigo gidajenmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar gwangwani. Yara kan fere karan dawa, su yanka tsohon silifas su yi tayoyi, su ɗaura zare su yi ta ja a lungu. Ba malamin da ya koya musu, kuma ba a sayo musu komai. Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan basira take tsayawa a kan zare da kara, alhali farantin sola ya cika rufin gidaje da shaguna da masallatai? Ina ganin lokaci ya yi da iyaye da malamai za su taimaka wa yaro ya cire zaren nan, ya ɗora wa motarsa ɗan farantin sola, ya ga rana ta tura ta. Wannan ƙaramin aiki ya fi haddar shafi goma amfani.

Kada mai karatu ya raina abin. Motar farko da aka nuna wa duniya tana tafiya da hasken rana 'yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce inci 15 ba. Wani injiniyan kamfanin General Motors mai suna William Cobb ne ya nuna ta a birnin Chicago na Amurka a 1955, shekara ɗaya bayan masanan Bell Labs sun fito da ƙwayar sola ta silikon mai amfani. Daga baya, a 1987, aka fara gasar motocin sola a Ostireliya, inda ake keta ƙasar daga Darwin zuwa Adelaide, tafiyar kusan kilomita 3,000. Da yayyafi kogi kan cika.

Kayan haɗin ba su da yawa. Ana buƙatar ɗan farantin sola kamar faɗin tafin hannu, irin wanda ake samu a wurin masu sayar da kayan lantarki ko a jikin fitilar sola da ta lalace. Sai ɗan injin lantarki mai juyawa, wanda za a iya cirowa daga tsohuwar na'urar DVD ko motar wasan da ta mutu. Sai murafun robar lemo guda huɗu a matsayin tayoyi, da tsinken tsire biyu da za su riƙe tayoyin, da bututun shan lemo da tsinken zai juya a ciki, da kwali mai ƙwari, da robar ɗaure kuɗi, da gam. Ana liƙa bututun a ƙarƙashin kwalin, a zura tsinken, a kafa murafun a bakinsa. Sai a zaunar da injin, a haɗa bakinsa da tsinken baya ta hanyar robar, a jona wayoyi biyu na farantin da injin, a fita rana.

Sau da yawa motar ba za ta motsa ba a karon farko, kuma a nan karatun yake. Yaro zai ɗaga ta sama ya ga tayoyi suna juyawa, ya ajiye a ƙasa ta tsaya cak. Dalili shi ne wutar ba ta da yawa. Rana tsaka tana sauke kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, farantin kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar yake mayarwa lantarki. Don haka faranti mai faɗin tafin hannu abin da zai bayar bai wuce wat ɗaya ba, ko ma ƙasa da haka. Dole yaron ya rage nauyi, ya daidaita tayoyin da suka karkace, ya tabbatar tsinken ba ya gogar kwali. Idan ya sa wa tsinken baya ɗan faifan da ya ninka bakin injin sau uku, robar ta zagaye su, injin zai juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya, gudu ya ragu amma ƙarfin ja ya ƙaru. Dalilin da ya sa direba ke tashi da giya ta ɗaya ke nan.

Sauran darussan ma da kansu suke zuwa. Idan motar ta yi baya, sai a sauya wayoyin biyu, ta yi gaba. Idan yaro ya kare farantin da hannunsa, ta tsaya. Idan ya karkata shi ya fuskanci rana sosai, ta ƙara sauri. Idan ƙurar hunturu ta rufe shi, ta yi sanyi har sai an goge. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da ya sa solar gidansu ke rauni a lokacin hazo, ko amfanin batir da daddare. Gani ya kori ji.

Wannan ilimi ba na ado ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya gagari gidaje da yawa, mutane suka karkata ga sola. Masu cajin waya, masu sayar da ruwan sanyi, manoman rani masu famfon ban ruwa, duk sun shiga. Amma mafi yawan kayan daga waje ake shigo da su, musamman daga China, kuma mai saye da yawa bai san bambancin faranti mai kyau da jabu ba, balle ya lissafa abin da gidansa ke buƙata. Al'ummar da take sayen abin da ba ta fahimta ba, kullum a hannun mai sayarwa take.

Muna da shaidar cewa 'ya'yanmu za su iya. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ya zana motar Chevrolet Volt a General Motors, sannan ya shugabanci hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci a Najeriya daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa ne aka buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri kuma, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas masu shan fetur zuwa masu lantarki da sola. Tambayar ita ce, yara nawa masu irin wannan kai ne aka kora da cewa sun cika gida da tarkace?

Na san abin da wasu iyaye za su ce: wasa ne, yaro ya je ya yi karatun jarrabawa. Ai wannan ɗin ma karatun jarrabawa ne. Lantarki, gogayya, sauyin makamashi daga haske zuwa motsi, duk suna cikin manhajar kimiyya ta ƙaramar sakandare. Bambancin kawai shi ne a aji ana kwafar su daga allo, a tsakar gida kuwa ana taɓa su da hannu. Wasu za su ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Sai dai farantin ne kaɗai abin saye, kuma guda ɗaya ya ishi yara biyar su yi ta karɓa-karɓa. Wasu kuma za su ce motar wasa ba za ta kawo mana wuta ba. Haka ne, ba za ta kawo ba. Amma masu gyarawa da masu ƙirƙirar gobe ba daga sama za su faɗo ba.

Akwai abin kiyayewa. Babba ya riƙe wuƙa da ƙarfen narka dalma. Kada a bar yara su fasa batirin tsohuwar waya ko na fitila, domin batirin litiyom yana iya kama wuta idan aka huda shi. Motar nan ba ta buƙatar batir ko kaɗan, kuma ba ta da haɗi da wutar soket. Sannan kada a mayar da abin na maza kawai. Yarinyar da ta iya zura zare a allura za ta iya jona waya.

Kirana ga malaman kimiyya shi ne su ware rana ɗaya a zangon karatu su fito da ɗalibai fili, kowane rukuni da motarsa, a yi tsere, sannan a tambayi kowa dalilin nasararsa ko faɗuwarsa. Makarantun da kulob ɗin JETS ɗinsu ya mutu, ga abin farfaɗo da shi. Iyaye kuma, a hutun nan mai zuwa, kafin ku miƙa wa yaro waya don ya yi shiru, ku kai shi wurin mai gyaran rediyo ya zaɓo injinsa. Tun ice yana ɗanye ake tanƙwara shi, rana kuwa Allah Ya hore mana ita, ba ma biyan ko kwabo.