Yawan kai-da-kawo ba shi ne aiki ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanen biranenmu, daga Yamai har Damagaram, daga Maraɗi har Tawa: "Ba ni da lokaci." Ma'aikacin biro yana faɗinta, ɗan kasuwa yana faɗinta, maigida yana faɗa wa iyalinsa ita. Har ta kai wasu na furta ta da alfahari, kamar wata lambar girma ce aka maƙala musu a ƙirji. Mutum ya fita tun da sassafe, ya shiga wannan taro ya fito, ya hau babur ya nufi wancan, wayar salula ba ta rabu da kunnensa ba, bai komo gida ba sai bayan isha'i. Amma in ka tambaye shi wane aiki ya kammala a yinin nan, sai ya sunkuyar da kai yana lissafi, ya rasa abin da zai nuna.

Wannan al'amari ya cancanci a tsaya a dube shi, domin lokaci dukiya ce ta ƙasa, kamar ruwa da ƙasar noma. Shi kaɗai ne arzikin da aka raba wa kowa daidai wa daida: awa 24 a yini da dare, awa 168 a mako, ga minista da makiyayi, ga attajiri da ɗan dako. Abin da ya bambanta mutane shi ne yadda suke kashe shi. Wani yana zaɓen abin da zai ba lokacinsa tun kafin gari ya waye, wani kuwa yana barin duk abin da ya faɗo gabansa ya kwashe masa yini.

Manomanmu sun san wannan darasi tun kaka da kakanni. Damana a kudancin ƙasarmu ba ta wuce wata uku zuwa huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. In ruwan shuka ya sauka, kwana biyu ko uku ne gare ka kafin ƙasa ta sha iska, kuma a waɗannan kwanaki manomi na gari ba ya zuwa kasuwa, ba ya zuwa ziyara. In lokacin noman farko ya zo, ya san cewa jinkirin mako guda yana ba haki damar cin abincin hatsi. Ya kuma san cewa wanda ya shuka gonar da ta fi ƙarfin hannuwansa zai ƙare damana yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan, ciyawa na binsa a baya, rumbu kuma ya tashi rabi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Gona ƙarama da aka nome a kan kari ta fi makeken fili da aka yi wa shafa-shafa.

Tarihin yaƙinmu da hamada ya ƙara tabbatar da haka. Bayan farin shekarun 1973 da 1974, ƙasa ta tashi tsaye. Tun daga 1975 ake dasa itatuwa a ranar 3 ga Agusta, kuma a 1984 aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da gurgusowar hamada. An zuba gumi da kuɗi, an reni ƴaƴan itatuwa, an yi jigilarsu zuwa ƙauyuka. Inda aka samu masu ban ruwa da tsaro, dashe ya kama. Inda aka dasa aka juya baya, rani da awaki sun cinye wahalar jama'a. A daidai wannan zamani kuma, kowace bazara manomi yana kwashe makonni yana sassabe gonarsa ƙarƙaf, yana sare duk wani toho, yana tarawa yana ƙonewa, don a ce gonarsa tsaf take. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma shi ne yake buɗe wa iska hanya ta kwashe ƙasa ta binne shuka.

A 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki a jihar Maraɗi, ya tsaya ya dubi ƴan tsire-tsiren da ake ɗauka sagagi ne na banza. Sai ya gane cewa toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Shi da manoman yankin suka jarraba wata hanya: a kowane kututture a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Wannan shi ne abin da ake kira sassabin zamani. Ba ya bukatar gandun reno ko motar ɗaukar ruwa, sai wuƙa da lura da haƙuri. Bayan shekara ashirin da ƴan kai, masu bincike sun ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a kudancin Nijar, kimanin itace miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Matamaye da Magariya ya ga gawo a tsaye cikin gonaki, ya ga shaida da idonsa. Manomi ya rage sara, ya ƙara zaɓe, sai gona ta ba shi itacen wuta da abincin dabbobi da taki.

To, in muka baro gona muka shiga biro, me muke gani? A 1955, wani masanin tarihi ɗan Ingila, Cyril Northcote Parkinson, ya bayyana cewa aiki yana kumbura ne har ya cika duk lokacin da aka ba shi. Ya kafa hujja da ma'aikatar sojan ruwan ƙasarsa: tsakanin 1914 da 1928 manyan jiragen yaƙi sun ragu daga 62 zuwa 20, amma jami'an da ke zaune a ma'aikatar sun ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569. Takarda tana haifar takarda, taro yana haifar taro. Wannan cuta ba ta tsaya a Ingila ba. Mu ma mun san taron da aka kira ƙarfe tara aka buɗe ƙarfe sha ɗaya, aka yini ana jawabai, aka tashi da shawara guda, wato a sake kiran wani taron. Mun san tarurrukan ƙara wa juna sani da ke kwashe shugabannin ayyuka daga kujerunsu mako bayan mako.

Wanda ke biyan kuɗin wannan hidima shi ne talaka. Dattijon da ya baro ƙauyensu ya biya kuɗin mota don neman takardar haihuwar ɗansa, aka ce masa mai sa hannu yana wurin taro, ya dawo gobe, an ci masa kwana biyu, wataƙila a tsakiyar noma. Ma'aikacin da ya sa shi jira bai zauna ba ko minti ɗaya a ranar, amma aikin da ƙasa ta ɗauke shi dominsa bai yi shi ba.

Mai gudun shi ma yana biya da jikinsa. A 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ba da sanarwar cewa a shekarar 2016 mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar jiki da ciwon zuciya sakamakon yin aikin awa 55 ko fiye a mako. Ba a banza ba yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta tsayar a 1919 ta iyakance aikin masana'antu ga awa 8 a yini. Akwai kuma hasarar da ba a ƙidayawa: yaron da bai taɓa ganin mahaifinsa ya buɗe littafinsa na makaranta ba, da tsohuwar da ke unguwa ɗaya da ɗanta amma sai ranar salla take ganinsa.

Kada wani ya ɗauka muna kira ne ga zaman kashe wando. Saurayin da ke yini a fada daga shayin farko zuwa na uku, yana latsa waya har dare ya raba, shi da mai gudu ba hutawa jirgi ɗaya ya kwaso su, domin dukansu biyu ba su ne suka tsara yininsu ba. Lissafin mai sauƙi ne: awa guda da aka zubar kowace rana ta zama awa 365 a shekara, wato fiye da kwanakin aiki 45. A cikin irin wannan lokaci babba yana iya nisa a karatun yaƙi da jahilci, matashi yana iya kama hanyar koyon sana'a. Ba mu kuma manta da waɗanda larura ce ta ƙwace musu lokaci ba, musamman matan karkara da ke tsakanin rijiya da turmi da neman itace tun asuba. Kowane famfo da kowane injin niƙa da aka kafa a ƙauye awoyi ne aka mayar wa mace, kuma wannan nauyi ne a wuyan hukuma da jama'a baki ɗaya.

Saboda haka muna ba da shawara. Kowane shugaban aiki, kafin ya kira taro, ya tambayi kansa wace shawara ake son yankewa, su wa ya zama dole su halarta, da ƙarfe nawa za a tashi. A ware awoyin da jama'a suka san za su tarar da mai sa hannu a kujerarsa, kuma a kiyaye su. Kowane ɗan ƙasa ya zaɓi abu biyu ko uku da za su zama ginshiƙin yininsa, ya fara da su tun da sanyin safiya, ya koyi ba da haƙuri ga abin da bai zama wajibi ba. A ajiye waya a lokacin cin abinci da iyali. A ba hutu da zumunci da tunani gurbinsu, domin gonar da ba a bari ta huta ba ita ke fara gajiya.

Magabata sun ce sauri ya haifi nawa. Ƙasa mai neman ci da kanta tana bukatar hannuwan ƴaƴanta duka, tana kuma bukatar su san inda za su sa hannuwan. Mu yi wa kwanakinmu irin sassaben da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi wa gonakinsu: mu zaɓi rassan da za su yi itace, mu datse sauran, mu tsare abin da muka bari har ya girma.