RA'AYINMU: Yaron da ke bin shanunka, ɗan wa ne?

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, akwai zancen da ake yi a kanmu wanda ba shi da daɗin ji, amma tilas mu saurara.

A kudancin Cadi, wajajen Sarh da Kumra, manomi talaka kan ba makiyayi ɗansa ya bi shanu, bayan wasu watanni a biya uban da maraƙi. Manomi na son san huɗa don gonar auduga, makiyayi na son hannu mai araha. Yaron kuwa ba wanda ya tambaye shi. Sau da yawa ma maraya ne, ko wanda aka saki uwarsa, yana zaune hannun kawu mai bakuna goma.

Masu zargi na cewa halin Larabawa da Fulani ne. Wannan ba mu yarda da shi ba. Farin 1973 da na 1984 sun karya gidajen makiyaya, garke da yawa ya koma hannun manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan birni. Mai sanda ya zama ɗan ƙwadago, abin da ake ba shi bai isa ya ɗauki babban mutum ya taya shi ba. Mai shanun na can cikin inuwa, ba a ko ambatar sunansa.

To amma kada mu fake da talauci. In saniya ta shiga gona, ɗan cikinka faɗa kawai yake sha. Ɗan manomi Basare, da ba yarenku ɗaya ba, shi ne mai shan bulala ya kwana da yunwa, har wani a canza masa suna. Wannan bambanci daga gare mu yake, kuma Allah zai tambaye mu.

Cadi da Nijar sun amince a shekarar 2000 da yarjejeniyar duniya mai lamba 182, wadda ta hana bautar da yara, dokar ƙwadago kuma ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 14 ba. Muna kira ga membobinmu kada wanda ya sake karɓar ƙaramin yaro jingina. Wanda ke hannunku a mai da shi gida, a ba uban maraƙinsa. Ku kuma fatake, in an kawo muku shanu kara, ku dubi wanda ya koro su, ku tambayi shekarunsa.