Lissafin Lakkwal Ya Sauko Kasuwa

Jama'a, ku zo mu yi wa juna gaskiya. Je ka kasuwar Madawa, ka tsaya gaban tsohuwa mai saida tabarmar kaba. Ba ta taɓa zama kan benci ba, amma ka ce mata "tamma 750", kafin ka rufe baki ta ce maka "dala 150". Rabawa da biyar ke nan, a ka, ba alli ba allo. Jikanta ɗan kwaleji kuwa, a ba shi wannan a takarda sai ya tsaya yana susar ƙeya. To, laifin wa? Ni dai ban ga na yaro ba. An cika shi da tambayoyin jirgin ƙasa mai tashi daga garin da bai taɓa gani ba.

Alhali ga abin awo a ƙofar gida. Rumbun ƙasa na Adar, dami nawa zai ci? Dami 130, nawa ne zakkarsa? Ga layukan dogon yaro da aka soma dasawa a Majiya, cikin ƙasar Buza, a 1975 don tare iska. Ga gandarin duwatsu na aikin Keita da aka fara a 1984, wanda mata suka fi kowa ɗaukar duwatsunsa. Ba a jera dutse ko ɗaya sai an auna gangaren ƙasa.

Wanda ya fi ci mani rai shi ne wannan. A 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar nan da kamfas: suka kafa tsininsa a birnin Sakkwato, suka zana da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 161. Madawa ta faɗa ciki, wajen Ingilishi, Buza da Keita suna waje. Sai a 1904 aka gyara iyakar, don Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Malamin lissafi nawa ne ya taɓa shimfiɗa taswira ya ce, "Yara, ku auna da kanku"?

Za ka ce da ni, jarrabawa ba ta tambayar rumbu, kuma manhaja daga Yamai take zuwa. Haka ne. Amma da'irar Sakkwato da ta takardar jarrabawa ai ƙa'idarsu ɗaya. Manhaja ta ce a koyar da da'ira, ba ta ce kada mushe ya fita da yara bakin rumbu da igiya a hannu ba.